Yadda Za Ka Gwada Dafin Ƙananan Halittun Kududdufi da Madubin Likita

A cikin ɗigon ruwan kududdufi akwai halittun da jikinsu gaba ɗaya ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Ba su da ƙashi, ba su da ɓawo, amma farautar junansu suke yi dare da rana. Wasu gudu ne yake cetonsu, wasu girma. Akwai kuma waɗanda ba su da gudun ba su da ƙarfin, sai dafi. Suna tara shi cikin mitsi-mitsin jakunkuna da ke jere a ƙarƙashin fatarsu, da zarar mafarauci ya taɓa su sai su fesa masa a daidai inda ya taɓa.

Wannan abu ne da malamin bayoloji ko ɗalibi zai iya gani da idonsa, ba sai da kayan miliyoyi ba. Sai dai ganin mafarauci ya ja da baya bai isa hujja ba, don mai yiwuwa a ƙoshe yake, ko hasken madubin ne ya dame shi. Hujjar tana samuwa ne in ka raba halittar da dafinta ba tare da ka kashe ta ba, ka sake haɗa ta da mafaraucin, ka ƙirga abin da ya rage. Haka Akio Miyake, masanin Japan da ya yi aiki a Jami'ar Camerino ta Italiya, shi da Terue Harumoto da abokan aikinsu suka yi a binciken da suka wallafa a 1990, kuma hanyarsu za mu bi, gwargwadon kayan da ake samu a makarantunmu.

Waɗanda za ka nema

Tauraruwar aikin ita ce Blepharisma. Launinta ja-ja ne mai haske, wani lokaci ya yi duhu, tsawonta daga maikuromita 150 zuwa 300, wasu jinsin sun fi haka. Maikuromita 1,000 ne milimita ɗaya. Tana iyo a sanyaye, ba ta da garaje, kuma tana gudun haske. Wannan jan launin shi ne dafin, sunansa blepharismin, shi ya sa ta fi kowa sauƙin gwaji: da ido za ka gane mai makami da wadda aka kwance wa.

Abokin gabarta Dileptus ne. Dogo ne siriri, gabansa akwai wani dogon hanci da yake kaɗawa hagu da dama yana lalube, bakinsa kuma yana gindin hancin. Shi ma da nasa dafin, amma na kai hari ne: hancin cike yake da ƙananan allurai masu sandarar da abin da ya taɓa.

Sai Stentor coeruleus, mai siffar kakaki, shuɗi-shuɗi mai ratsin kore. In ya miƙe yana kai milimita 1 zuwa 2, don haka ko ba madubi za ka hango shi kamar ɗigo a jikin kwalba. Launinsa stentorin ne, ɗan'uwan blepharismin a wajen gini, kuma a 2001 su Miyake suka nuna shi ma kariya ce. Spirostomum dogo ne kamar zare, babban jinsinsa yana wuce milimita 2, in ka ƙwanƙwasa gilashin sai ya takure kafin ƙiftawar ido. Nasa dafin ba shi da launi. Haka ma na Climacostomum virens, wanda koren jikinsa na gansakukar da ke zaune cikinsa ne, ba na dafi ba. Sunan dafinsa climacostol, an gano gininsa a 1999.

Paramecium kuwa kowa ya san shi daga littafin sakandare. Za mu buƙace shi sau biyu: a matsayin abin share fage, da kuma a matsayin wanda za mu gwada dafin a kansa.

Kayan aiki

Madubin likita mai ƙara girma sau 40 da sau 100 ya wadatar. Sau 400 sai wajen kallon jakunkunan launi. In makarantarku tana da madubin nan mai ido biyu da ake fiɗar ƙwari a ƙarƙashinsa, to ka samu sauƙi, don shi ya fi daɗin tsince halittu ɗai-ɗai. Foldscope, madubin takarda da Manu Prakash da abokin aikinsa suka ƙirƙira a Jami'ar Stanford ta Amurka, yana ƙara girma kusan sau 140. Ya yi kyau wajen gane jinsi, amma ba za ka iya sa bututu ka tsinci komai a ƙarƙashinsa ba.

Ka tanadi gilasan madubi da siraran murfinsu, da gilasai masu ɗan rami a tsakiya in akwai. In babu, murfin kwalbar roba mai tsabta ko ƙaramin faifan gwaji zai yi. Sai kwalaben gilashi masu faɗin baki kamar shida, da bututun ɗiga ruwa siriri, da sirinji marar allura, da auduga, da man baselin, da ƙwayar alkama ko shinkafa, da busasshiyar ciyawa, da ƙanƙara, da safar hannu ta roba, da littafin rubutu. Bututun ɗiga ruwan a ware wa kowace kwalba nata. Bututu ɗaya da ya shiga kwalbar Dileptus ya koma ta Paramecium ya isa ya ɓata maka kiwon wata guda.

Kada sabulu ya rage a jikin kwalba ko kaɗan. A ɗauraye sosai, a zuba tafasasshen ruwa, a kife ta bushe.

Mataki na 1: Ɗebo ruwa

Lokacin da ya fi dacewa ƙarshen damina ne zuwa kaka, sa'ad da kududdufai da tafkunan fadama suka kwanta, ganye ya fara ruɓewa a ƙasansu. Ruwan sama-sama da ya yi garau ba ya ɗauke da abin kirki. Abin da kake nema yana can ƙasa, cikin ruɓaɓɓen ganye da saman laka, da jikin saiwar kainuwa da bado. Ka ɗebo ruwa rabin kwalba, ka haɗa da ɗan ganyen da ɗan lakar. Ka ɗebo daga wurare uku ko huɗu daban-daban, ka rubuta wuri da kwanan wata a jikin kowace kwalba.

Kada ka shiga ruwan, kada kuma ka tsoma hannu ba safa. Tsutsar tsargiya tana fitowa daga ƙananan dodon-koɗi na irin wannan ruwa, ta huda fata ta shiga jiki. Ka ɗaura kwalbar a bakin sanda ko ka yi amfani da ludayi mai dogon hannu wanda ba zai koma madafa ba. In da ɗalibai kuka je, wannan doka ba ta da sassauci.

In ka tarar da ruwan ya yi kore shar a sama kamar an zuba fenti, ka wuce shi. Sau da yawa Microcystis ce, wata bakteriya mai yin dafin microcystin da ke lalata hanta, kuma tafasawa ba ta kashe wannan dafin. A 1996 a garin Caruaru na Brazil, masu wankin ƙoda da dama sun rasu saboda ruwa mai ɗauke da shi da aka yi musu amfani da shi.

Idan rani ya riga ya shiga kududdufin ya ƙafe, ba a rasa hanya. Ka kankaro busasshiyar lakar saman, ka zuba a faranti, ka jiƙa ta har ta yi laushi ba tare da ruwa ya shanye ta ba, ka rufe. Da yawa daga cikin waɗannan halittu, har da Blepharisma da Dileptus, suna naɗe kansu cikin ƙwanso su jira ruwa. Bayan kwana biyu zuwa mako ka karkata farantin, ka zuƙo ruwan da ya taru a gefe ka duba.

Mataki na 2: Kiwo da warewa

Nan ne aikin yake cin lokaci, nan kuma yawancin masu farawa suke karaya. Ranar farko da ka duba ruwan za ka ga abubuwa kaɗan ne, a warwatse. Sai ka ciyar da su sun yawaita.

Ka tafasa ƙwayar alkama ko shinkafa na minti biyar, ka jefa biyu ko uku cikin kowace kwalba mai ruwa kimanin mililita 100. Ba ƙwayar suke ci ba. Bakteriya ce take tsirowa a jikinta, su kuma su ci bakteriyar, masu farauta su ci masu cin bakteriyar. Kada ka ce bari in ƙara musu don su yi saurin yawa. Ƙwaya goma za ta sa ruwan ya yi wari, iskar cikinsa ta ƙare, komai ya mutu. In ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara kuma yana ɗoyi, abinci ya yi yawa: cire ƙwayoyin, ƙara ruwa.

Ruwan da za ka riƙa ƙarawa shi ne na kududdufin kansa. Ka tace da kyalle, ka tafasa a gwangwanin da ba na abinci ba, ya huce, ka girgiza shi a kwalba don iska ta koma ciki. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, kuma kulorin kashe su yake yi.

Ka ɗora murfi ba tare da ka ɗaure ba, ka ajiye inda rana ba ta bugawa. Sun fi son zafi tsakanin digiri 20 zuwa 25, abin da ɗakunanmu ba sa bayarwa a watan Afrilu. In lokacin zafi kake aikin, ka jera kwalaben a gindin randa, ko ka naɗe su da jiƙaƙƙen buhu. Da sanyin hunturu ba ka da wannan damuwa.

Daga kwana na uku ka fara dubawa kullum, kana zuƙo ruwa daga kusa da ƙwayar alkamar da kuma ƙasan kwalba. Ƙananan masu zirga-zirga ne za su fara bayyana, Paramecium ya biyo baya, manyan kuwa sai mako na biyu ko na uku. Blepharisma takan taru a ƙasa, gefen da ya fi duhu. In ka ɗora kwalbar a kan farar takarda wani lokaci za ka ga ɗan jan hazo a kusa da ƙwayar.

Da ka hango wadda kake so, sai warewa. Ka ɗiga tsabtataccen ruwa ɗigo uku a jere a kan gilashi. Ka zuƙo halittar da ruwa mafi ƙanƙanta da za ka iya, ka sake ta a ɗigo na farko, ka bari ta yi iyo ta nisanta da tarkacen da suka biyo ta, ka sake zuƙo ta zuwa na biyu, sannan na uku. Wanka ke nan ka yi mata. Daga nan ka kai ta sabuwar kwalba ƙarama mai ƙwayar alkama ɗaya da ta kwana biyu a ciki. Gara ka sa biyar ko goma da ka sa ɗaya, don ɗaya tana iya mutuwa ta bar ka da kwalbar ruwa.

Kwalbar Blepharisma ta zauna cikin duhu, a kwali ko kabad. A duhu ne take cika da launi. Haske marar ƙarfi yana koɗar da ita a hankali, mai ƙarfi kuwa kashe ta yake yi, domin launin nata yana zama guba gare ta ita kanta in haske ya buge shi alhali akwai iska. Arthur Giese na Jami'ar Stanford ne ya bayyana wannan a 1946. Kada kuma ka bar ta da yunwa ta daɗe. In abinci ya ƙare wasu daga cikinsu sukan fara haɗiye 'yan'uwansu, su zama ƙatti masu jan launi mai duhu. Abin kallo ne, amma ba su dace da gwajinmu ba, don girmansu kaɗai zai iya hana a ci su.

Dileptus ba ya cin bakteriya. Kowane kwana biyu ka ɗiga masa ruwa daga kwalbar da ƙananan masu zirga-zirgar nan suka cika. Kwana ɗaya kafin gwaji ka wanke shi ka bar shi ba abinci.

Game da suna: ka rubuta Blepharisma kawai. Wadda su Miyake suka yi aiki da ita Blepharisma japonicum ce, kuma tantance jinsi yana buƙatar rini na musamman da ƙwararren ido.

Mataki na 3: Share fage da Paramecium

Kafin ka shiga babban gwajin, ka koya wa idonka ganin yadda ƙwayar halitta take harba abin da ke ƙarƙashin fatarta. Ka ɗiga ruwan Paramecium a gilashi, ka yayyaga zaren auduga kaɗan a ciki don ya rage musu gudu, ka ɗora murfi. A gefen murfin ka ɗiga ruwan khal da aka sirka sosai, ko tawadar alƙalami, ka sa takarda a ɗaya gefen ta janyo shi ciki. A sau 100 ko 400 za ka ga wasu sun fitar da dubban zaruruwa sun kewaye kansu. A ɗakunan bincike da sinadarin tanin ake yawan yin wannan, kuma bagaruwar da majema ke jima da ita cike take da tanin, don haka tataccen jiƙonta abin gwadawa ne.

Waɗannan zaruruwa ba dafi ba ne. Harbin da suke yi ne yake tunkuɗa Paramecium gefe, ya kuɓuce daga hancin Dileptus, kamar yadda Harumoto da Miyake suka nuna a 1991. Amma ba sa yi masa rana a gaban Didinium, wani gajeren mafarauci mai ɗamara biyu ta gashi, wanda yake haɗiye Paramecium sukutum duk da harbin. Ka riƙe wannan a zuciya: kariyar da ta yi aiki a kan wani mafarauci ba lallai ta yi a kan wani ba.

Mataki na 4: Kallon karon

Ka shafa baselin ɗan mitsitsi a kusurwoyi huɗu na murfin gilashi, ya zama ƙafafu, don kada murfin ya danne su. Ka haɗa Dileptus uku ko huɗu masu yunwa da jajayen Blepharisma kamar goma a ɗigo ɗaya. Ka rage hasken madubin iyakar yadda za ka iya gani. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, don hasken fitilar madubi kaɗai yana iya raunata Blepharisma cikin mintuna ya ɓata maka sakamako.

Ka zaɓi Dileptus ɗaya ka bi shi, kada ka riƙa yawo da ido. Zai yi ta kaɗa hanci har ya ci karo da ita. A daidai wurin da ya taɓa, Blepharisma za ta saki wani ɗan jan hayaƙi, shi kuma ya yi baya da sauri, wani lokaci yana jujjuyawa, ita ta yi gaba abinta da ɗan rauni ko tabo marar launi. Abin yana faruwa cikin daƙiƙa, don haka ka ɗora kyamarar waya a bakin madubin ka ɗauki bidiyo, daga baya ka kalla a hankali.

Ka rubuta kowane karo da abin da ya biyo baya: ya ja da baya, ya ci wani ɓangare, ko ya haɗiye ta duka. Karo ashirin ya fi karo biyu faɗin gaskiya.

Mataki na 5: Kwance mata makami

Sanyi na bazata yana sa Blepharisma ta zubar da jakunkunan launinta kusan duka a lokaci ɗaya, ita kuma ta rayu. Da wannan dabara Federico Buonanno da abokan aikinsa na Jami'ar Macerata ta Italiya suka yi ta aiki a kan jinsuna daban-daban, har da waɗanda dafinsu ba shi da launi.

Ka zuba tsabtataccen ruwan kiwo a ƙaramar kwalba, ka tsoma kwalbar cikin kwanon ƙanƙara mai ɗan ruwa har ta yi sanyi ƙarara. Kada ka jefa ƙanƙarar cikin ruwan kiwon, ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba. Ka tara Blepharisma da yawa cikin ruwa kaɗan. Ka zuba kashi ɗaya nasu cikin kashi biyar na ruwan sanyin a lokaci guda, ba ɗigo-ɗigo ba, don bazatar ce take aiki. Bayan kamar rabin minti ka fitar da kwalbar daga ƙanƙara. Ruwan zai ɗan yi ja, su kuma su koɗe.

Yanzu ka hanzarta. Ka tsince su ka yi musu wankan ɗigo uku a ruwa mai ɗumin ɗaki, don kada su zauna cikin dafin da suka zubar. Jan ruwan kuma kada ka zubar, ka rufe shi a duhu, za mu dawo kansa. Ka ba su kamar awa ɗaya su farfaɗo, ka zaɓi waɗanda suke iyo lafiya lau kawai. In yawancinsu sun fashe, sanyin ya daɗe, ka rage lokacin. In har yanzu ja suke, ruwan bai yi sanyi sosai ba ko a hankali ka zuba. Kada ka bari su kwana kafin gwaji, don suna sake gina launin.

Sai ka jera ramuka huɗu, kowanne da ruwa daidai da na ɗan'uwansa:

Na farko, jajaye goma da Dileptus biyar. Na biyu, koɗaɗɗu goma da Dileptus biyar. Na uku, koɗaɗɗu goma su kaɗai. Na huɗu, jajaye goma su kaɗai.

Ramin da ɗalibai suka fi rainawa shi ne na uku, alhali shi yake riƙe da gwajin. In koɗaɗɗu suka ragu a rami na biyu, mai gardama zai ce ai sanyin ne ya kashe su, ba Dileptus ba. Rami na uku ne zai rufe masa baki, in har goman nan suna nan da ransu. In su ma sun mutu, to gaskiyarsa ce, sai ka koma ka gyara sanyin.

Ka shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda a ƙasan roba mai murfi, ka jera ramukan a kai, ka rufe, ka sa a duhu. In ba ka yi haka ba ɗigon zai ƙafe kafin azahar, musamman da hunturu. Ka ƙirga duk bayan awa ɗaya har sau huɗu ko biyar, ka sake ƙirgawa washegari. Ka ƙirga Dileptus ɗin ma, ka lura ko sun kumbura da abinci ko sun lanƙwashe sun daina motsi. Kada ka yi mamaki in goma ta zama sha biyu a ramukan da ba mafarauci, rabuwa suka yi.

Abin da su Miyake suka samu shi ne Dileptus yana cinye koɗaɗɗu da zabiyoyin Blepharisma cikin sauƙi, jajayen kuwa yawancinsu suna tsira, har shi mafaraucin ne yake jin jiki. Naka sakamakon zai iya yin kusa da haka, zai iya bambanta, tunda jinsin kududdufinku ba lallai ya zama nasu ba. Ka maimaita jerin huɗun aƙalla sau uku a ranaku daban-daban kafin ka faɗi komai, kuma ka rubuta abin da ka ƙirga, ba abin da ka so ka gani ba.

Mataki na 6: Gwada jan ruwan shi kaɗai

Har yanzu da saura. Ka nuna cewa mai launi tana tsira, amma ba ka nuna cewa abin da ta zubar guba ne ba. Ka ɗauko jan ruwan, ka tabbatar ya dawo ɗumin ɗaki kuma babu Blepharisma ko ɗaya a ciki. Ka raba shi rami biyu, ka sa Paramecium goma a kowanne. Ɗaya ka sa a duhu, ɗaya a gaban fitila mai haske. Ka yi wasu ramuka biyu da ruwan kiwo zalla wanda shi ma ya sha sanyi ya huce, da Paramecium goma-goma, ɗaya duhu ɗaya haske. Fitilar ta zama marar zafi, irin ta caji, ba rana ba, don zafin rana zai dafa su duka ka rasa bambancewa.

Ka duba duk bayan minti goma. Alamun dafi su ne iyo da baya, tafiyar hawainiya, kumburi, ƙuraje masu ruwa a gefen jiki, sannan fashewa. Giese ya ruwaito tun 1949 cewa abin da Blepharisma ke fitarwa yana kashe wasu ƙananan halittun. Yana aiki a duhu, amma haske yana ninka ƙarfinsa sosai, don haka na gaban fitila ne ya kamata su riga faɗuwa. Ginin blepharismin yana kama da na hypericin, sinadarin wata ciyawar Turai da ke sa fatar dabbobin da suka ci ta ta ƙone in rana ta buge su.

In babu abin da ya faru ko a haske, mafi yawa ruwan ne ya tsinke. Ka sake da Blepharisma masu yawa cikin ruwa kaɗan. In kuma ya yi ƙarfi har duka suka mutu nan take, ka sirka shi rabi, da kwata, ka ga inda bambancin duhu da haske zai fito.

In ba ka sami waɗannan biyun ba

Dileptus yana da wuyar samu, wani kududdufin ba ya da shi sam. Madadinsa Stenostomum ne, wata farar tsutsa shimfiɗaɗɗiya mai tsawon kusan milimita ɗaya da ke yawan bayyana a tsofaffin kwalaben kiwo. Ita ba ƙwaya ɗaya ba ce, dabba ce sosai, kuma haɗiye abin farautarta take yi. In ka haɗa ta da Spirostomum, ka sa ido bayan ta haɗiye, don takan amayo shi. Tsarin ramuka huɗun bai canza ba, sai dai tunda dafin Spirostomum ba shi da launi, ba za ka gane da ido cewa sanyin ya yi aiki ba. Gwajin ruwan da ya zubar a kan Paramecium ne zai gaya maka.

In Stentor ka samu maimakon Blepharisma, shi ma ya yi, kuma girmansa yana sauƙaƙa tsinta. Ka dai yi haƙuri da shi, yana manne wa gilashi, sai ka fesa masa ruwa a hankali da bututu kafin ya saki.

Akwai kuma wani gwaji na gefe ga wanda kwalbarsa ta cika da Euplotes, wata shimfiɗaɗɗiyar halitta mai tafiya a kan tarkace da ƙafafun gashi. Ita ba ta fesa dafi. A wasu jinsunanta, sinadarin da mafarauci ke saki cikin ruwa take ji, sai ta faɗaɗa jikinta ta fitar da fukafukai a gefe har ta fi ƙarfin bakinsa. Hans-Werner Kuhlmann da Klaus Heckmann na Jamus ne suka bayyana haka a 1985. Ka ɗauki hotonta kafin ka haɗa ta da Stenostomum, ka sake ɗauka bayan kwana ɗaya ko biyu a ƙarin girma iri ɗaya, ka auna faɗin a fuskar waya, ka kwatanta da na waɗanda ba su zauna da tsutsar ba.

Da an gama aiki, a zuba ruwan bilic cikin kwalabe da ramukan, a bar su rabin awa, sannan a juye a masai. Kada a mayar da su kududdufi, kada a zubar kusa da rijiya. A wanke hannu da sabulu. Kwalbar Blepharisma da kake son ci gaba da ita kuwa, duk bayan mako biyu zuwa uku ka ɗebi kaɗan ka kai sabon ruwa da sabuwar ƙwayar alkama, ka riƙa ajiye kwalba biyu a wurare daban-daban don in ɗaya ta lalace ɗayar ta tsaya maka.